Tsokar Bayan Cinya: Binciken Jami'o'i Kan Gudu da Rauni a Filin Wasa

Duk mai sha'awar ƙwallon ƙafa ya taɓa ganin wannan al'amari. Ɗan wasa ya zabura da gudu yana bin ƙwallo, babu wanda ya ture shi, babu wanda ya sa masa ƙafa, kwatsam sai a ga ya yi tsalle kamar wanda ƙaya ta soka, ya kai hannu bayan cinyarsa, ya fara ɗingishi. Kafin a ankara an fitar da shi daga fili, daga baya kuma a ji labarin zai yi makonni yana jinya. Wannan ciwo bai san babba ba, bai san yaro ba. A gasar Olamfik ta 1992 a birnin Basalona, Derek Redmond na Birtaniya yana cikin tseren mita 400 na kusa da na ƙarshe, bai kai rabin hanya ba tsokar bayan cinyarsa ta yage, sai mahaifinsa ne ya sauko daga cikin 'yan kallo ya tallafe shi ya ƙarasa. Shi kansa Usain Bolt na Jamaika, wanda ya gama mita 100 cikin daƙiƙa 9.58 a 2009, da wannan ciwo ya yi ban kwana da fagen tsere. Ranar 12 ga Agusta, 2017, a Landan, ya karɓi sanda a zangon ƙarshe na tseren miƙa sanda, ya faɗi bai kai layi ba.

A da, in irin haka ta faru, sai a ce tsautsayi ne, wanda aka ce ba ya wuce ranarsa. Amma masana likitancin wasanni a jami'o'i daban-daban sun ɗauki shekaru fiye da talatin suna bin diddigin wannan tsoka, sun kuwa gano cewa yagewarta tana da dalili, tana da lokacin da ta fi faruwa, kuma akwai abin da za a yi a rage ta wanda ba ya bukatar ko kwabo.

Sai an ƙirga kafin a magance

A 1992 wani masani na wata jami'a a birnin Amstadam na ƙasar Holan, Willem van Mechelen, shi da abokan aikinsa suka tsara hanyar da masu binciken raunin wasanni ke bi har yau. Suka ce da farko a ƙirga raunin a san yawansa da tsananinsa, sannan a nemo abin da ke haddasa shi, sannan a gwada maganin da ake zato, daga ƙarshe a sake ƙirgawa a ga ko ya ragu. Magana ce mai sauƙi a baki, amma ƙirgar ma kanta aiki ce. Ba a cewa kawai ƙungiya kaza ta sami rauni 30, domin wata ƙungiyar ta fi wata yawan wasa da atisaye. Saboda haka sai a lissafa rauni nawa ake samu a cikin kowace awa 1,000 da 'yan wasa suka yi a fili.

Wanda ya fi kowa naci a kan wannan ƙirga shi ne Farfesa Jan Ekstrand na Jami'ar Linköping a ƙasar Suwidin. Tun daga 2001 ya sa likitocin manyan kulob-kulob na Turai suna aiko masa da bayanin kowane rauni da ya hana ɗan wasa atisaye ko wasa, da kuma adadin mintocin da kowa ya yi a fili, a ƙarƙashin hukumar ƙwallon ƙafa ta Turai, UEFA. Sakamakon da suka fitar a 2011 ya nuna ana samun rauni 27.5 a cikin awa 1,000 na wasan gasa, amma 4.1 kacal a cikin awa 1,000 na atisaye, wato wasan gasa ya fi haɗari kusan ninki bakwai. Kulob mai 'yan wasa 25 yakan sami rauni kimanin 50 a kakar wasa ɗaya. Wanda ya fi kowane yawa a cikinsu kuwa shi ne na tsokar bayan cinya.

Abin mamaki shi ne ciwon ƙaruwa yake yi. Da suka tattara bayanan kakar wasa 21, daga ta 2001/02 zuwa ta 2021/22, waɗanda suka shafi 'yan wasa 3,909 na ƙungiyoyi 54, sai suka ga a kakar farko raunin wannan tsoka kashi 12 cikin 100 ne na dukkan raunuka, a kakar ƙarshe kuwa ya kai kashi 24. Ya ninka ke nan, duk da ɗimbin likitoci da na'urorin da waɗannan kulob-kulob suka mallaka. Ɗaya daga cikin dalilan da ake kawowa shi ne wasan kansa ya ƙara sauri. Wani bincike a kan gasar Firimiya ta Ingila ya nuna cewa tsakanin kakar 2006/07 da ta 2012/13, nisan da 'yan wasa ke yi da matsanancin gudu ya ƙaru da kimanin kashi 35 cikin 100.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan damuwar likitoci ce kawai. A 2013 Martin Hägglund, shi ma na Linköping, ya kwatanta raunukan ƙungiyoyi 24 na tsawon shekara 11 da matsayin da suka ƙare a gasa. Ƙungiyar da 'yan wasanta suka fi zama lafiya a kaka ita ta fi samun maki a kowane wasa, ta kuma fi ƙarewa a saman teburi. Gwanin da ke kwance yana jinya ba ya cin ƙwallo.

Tsoka mai aikin birki

To, me ya sa wannan tsoka ce ke yagewa ba wata ba? Domin mu gane, sai mu duba yadda aka gina ta.

A bayan cinya tsokoki uku ne ke kwance jere. Dukkansu sun taso daga ƙashin mazauni, wato ƙashin nan da mutum ke ji yana taɓa benci in ya zauna, suka gangaro suka tsallake bayan gwiwa suka kama ƙasusuwan ƙwauri. Biyu suna ta ɓangaren ciki, ɗaya tana ta ɓangaren waje. Tun da sun haye gaɓoɓi biyu, ƙugu da gwiwa, aikinsu ma biyu ne: su ja cinya baya, su kuma lanƙwasa gwiwa. Wannan hayewa ta gaɓoɓi biyu ita ce tushen matsalar, kamar yadda za mu gani.

Tsoka tana aiki ta hanyoyi dabam-dabam, amma biyu ne suka dame mu a nan. Ɗauki misalin mai jan ruwa a rijiya. Lokacin da yake jawo guga sama, tsokar damtsensa tana tattarewa tana gajarcewa. Wannan mu kira shi aikin ja. Amma a ce gugan cike yake da ruwa, yana so ya mayar da shi ƙasa a hankali kada ya suɓuce masa. A nan tsokar tana riƙe da nauyi, tana aiki sosai, amma maimakon ta gajarce, miƙewa take yi. Wannan shi ne aikin birki. Tsoka tana iya ɗaukar nauyi mai yawa a aikin birki fiye da a aikin ja, amma kuma a nan ne ta fi saurin lahanta. Shi ya sa wanda ya yi doguwar gangara daga kan dutse yakan wayi gari cinyoyinsa na ciwo, alhali lokacin saukowar ko haki bai yi ba.

Yanzu mu dubi mai gudu. In ƙafarsa ta bar ƙasa, sai ya wurgo cinya gaba, ƙwauri kuma ya biyo baya ya cilla gaba kamar bulala. Da babu abin da zai tare shi, da gwiwa ta ƙage da ƙarfi. Tsokar bayan cinya ce ke taka wa ƙwaurin birki daf da diddige zai sauka ƙasa. A daidai wannan lokaci ƙugu a lanƙwashe yake, gwiwa kuma tana miƙewa, saboda haka ana jan tsokar ta sama da ta ƙasa a lokaci guda, ita kuma tana ƙoƙarin riƙewa da iyakar ƙarfinta. Gwargwadon saurin mutum, gwargwadon nauyin da ke hawa kanta. A cikin ukun, ta wajen ce ta fi miƙewa, ita ce kuma ake samu ta yage a wajen mutum 8 cikin 10 da aka ɗauki hoton cinyarsu bayan rauni.

An daɗe ana gardama a kan ko a wane lokaci ne takamaimai tsokar ke yagewa, domin ba wanda zai yarda a ji masa ciwo da gangan don a auna. Sai wata rana sa'a ta faɗo wa masu bincike a Jami'ar Wisconsin ta Amurka, ko da yake ga wanda abin ya sama ba sa'a ba ce. Wani ƙwararren ɗan wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara, mai shekara 31, yana gudu a kan na'urar nan mai bel da ke juyawa a ƙarƙashin ƙafa, an manna masa alamomi a jiki, kyamarori na ɗaukar kowane motsi, sai tsokarsa ta yage. Bryan Heiderscheit da abokansa suka koma kan hotunan suka bi su ɗaya bayan ɗaya, suka buga sakamakon a 2005. Lissafinsu ya nuna raunin ya auku ne a cikin wani ɗan taƙi da bai wuce kashi 13 cikin 100 na daƙiƙa ɗaya ba, daf da saukar ƙafa, lokacin da tsokar ke aikin birki.

Gajiya ma tana da hannu. Ƙirgar da aka yi a Ingila da ta UEFA duk sun nuna raunin ya fi yawa in an doshi hutun rabin lokaci da kuma in an doshi tashi, sa'ad da tsoka ta gaji amma wasa bai daina neman gudu daga gare ta ba.

Motsin Nodik

In dai a wajen birki tsokar ke kasawa, hankali zai ba da cewa a koya mata birki. Amma yawancin na'urorin da ke ɗakunan motsa jiki aikin ja suke koyarwa: mutum ya kwanta ruf da ciki ya jawo nauyi da diddige. A shekara ta 2000 aka kafa wata cibiyar binciken raunin wasanni a babbar makarantar nazarin wasanni ta ƙasar Nowe da ke birnin Oslo, ƙarƙashin Farfesa Roald Bahr da Farfesa Lars Engebretsen. Su ne suka ɗauko wani tsohon motsi, wanda ba su suka ƙirƙiro shi ba, suka sa shi a ma'aunin bincike. Saboda an gwada shi a ƙasashen arewacin Turai, sai sunan yankin ya bi shi, ake ce masa motsin Nodik.

Ga yadda ake yin sa. Ɗan wasa zai durƙusa a kan gwiwoyinsa a wuri mai taushi, jikinsa a miƙe sak daga gwiwa har kai. Abokinsa zai durƙusa a bayansa ya danne masa idon sawu da hannu biyu. Sai ya fara faɗowa gaba sannu a hankali kamar itacen da aka sare, ba tare da ya lanƙwasa ƙugu ba, yana hana kansa faɗuwa da tsokar bayan cinya iya ƙarfinsa. In ta kasa riƙe shi, sai ya tare ƙasa da tafukan hannu, ya tura kansa ya koma yadda ya fara. Shi ke nan. Wanda bai gwada ba zai raina shi, wanda ya gwada kuwa ya san ba a wuce rabin hanya a ranar farko.

A 2004 Roald Mjølsnes da abokansa na Oslo suka raba wasu 'yan ƙwallo gida biyu na mako 10. Masu yin Nodik ƙarfin birkinsu ya ƙaru da kashi 11 cikin 100, masu jan nauyi a na'ura kuwa nasu bai motsa ba. Amma ƙarin ƙarfi daban, raguwar rauni daban. Amsar tambaya ta biyu daga ƙasar Denmak ta fito a 2011, a binciken da Jesper Petersen ya jagoranta, kuma ya kamata ɗalibin kimiyya ya tsaya ya dubi yadda aka tsara shi.

Sun ɗauki ƙungiyoyi 50 na maza daga rukunoni biyar na sama na gasar ƙasar, 'yan wasa 942. Sai aka jefa ƙuri'a: wasu ƙungiyoyi su ƙara Nodik a kan atisayensu, wasu su ci gaba da abin da suka saba. Me ya sa ƙuri'a? Domin da an bar masu horarwa su zaɓa, masu himma da kula da lafiyar yaransu ne za su karɓi sabon motsin, in kuwa rauni ya ragu a wurinsu ba za a san ko motsin ne ya jawo ko himmar ba. Ƙuri'a ita ke rarraba masu himma da malalata, matasa da tsofaffi, a kowane ɓangare ba tare da son rai ba. Me ya sa kuma aka jefa ta a kan ƙungiya ba a kan mutum ɗaya-ɗaya ba? Domin 'yan ƙungiya ɗaya tare suke atisaye, wanda aka ce kada ya yi zai ga abokinsa na yi ya kwaikwaya, gwajin ya gurɓace.

Masu Nodik sun yi zama 27 cikin mako 10, sannan sau ɗaya a mako har ƙarshen kaka. Da aka ƙirga, ɓangaren da bai yi ba, mai mutum 481, ya sami rauni 52. Ɓangaren da ya yi, mai mutum 461, rauni 15 kawai ya samu. Masu binciken suka lissafa cewa in mutum 13 suka bi shirin, an kuɓutar da ɗaya daga raunin da zai same shi a wannan kaka. A cikin waɗanda suka taɓa yin ciwon kuwa, mutum 3 kacal ake bukata su bi shirin a kuɓutar da ɗaya. A fagen likitanci, samun rigakafi mai irin wannan lissafi ba abu ne na kullum ba. An maimaita gwajin a Holan a kan 'yan wasa 579 waɗanda ba ƙwallo ce sana'arsu ba, aka buga a 2015, nan ma rauni ya ragu ƙwarai.

Me motsin ke canzawa a cikin tsoka?

Wanda ya taɓa ganin ana dambun nama ya san tsoka zare-zare ce. Zaruruwan an ɗaure su dami-dami, kowane zare kuma an gina shi da wasu mitsi-mitsin gaɓoɓi da ke jere kamar gaɓoɓin kara, su ne ke tattarewa su saki. Tsawon kowace gaɓa bai wuce kashi 2 zuwa 3 cikin 1,000 na milimita ɗaya ba, saboda haka zare mai tsawon santimita 10 yana ɗauke da gaɓoɓi wajen 40,000 a layi ɗaya. In aka ja zare, gaɓoɓinsa ne ke raba miƙewar a tsakaninsu. Gajeren zare mai gaɓoɓi kaɗan, kowace gaɓa rabonta na miƙewa zai yi yawa, har wata ta wuce iyakarta ta ɓalle.

A ƙasar Ostireliya, Ryan Timmins da abokansa sun auna 'yan wasa 152 na babbar gasar ƙwallon ƙafar ƙasar kafin a fara kaka. Sun yi amfani da na'urar ɗaukar hoton cikin jiki ta hanyar sauti, irin wadda ake duba masu juna biyu da ita, suka auna tsawon damin zaren tsokar waje, suka kuma auna ƙarfin birkin kowa. Sakamakon da suka buga a 2016 ya nuna wanda daminsa bai kai santimita 10.56 ba ya fi sauran haɗarin rauni ninki 4.1. Wanda kuma ƙarfin birkinsa bai kai niyutan 337 ba, wato kwatankwacin nauyin kilo 34, ya fi su ninki 4.4. Gajeriyar tsoka mai rauni ke nan ita ce abar tsoro. Wasu gwaje-gwajen na masana ƙasar sun nuna cewa makonni kaɗan na Nodik suna ƙara wa damin zaren tsawo da kimanin santimita 2, masana da dama kuma na ganin tsokar sababbin gaɓoɓi take ƙarawa a layi.

Akwai masu horarwa da ke tsoron kada irin wannan motsi ya sa yaransu su yi nauyi. Abin da aka gani ya saɓa wa haka. Wannan tsoka dai ita ce ke tura mai gudu gaba sa'ad da ya zabura, kuma wani ƙaramin gwaji da aka yi a Denmak aka buga a 2018 ya sami 'yar ƙaruwar sauri a gudun mita 10 ga waɗanda suka yi mako 10 suna Nodik. Haka nan ba a cewa a guje wa gudu don tsoron rauni. Bincike a kan 'yan wasan Ailan da na Ostireliya ya nuna wanda ke taɓa matsanancin gudu a kai a kai cikin atisaye ya fi samun kariya, wanda ke cikin haɗari shi ne wanda ya daɗe bai yi ba sannan ya tashi ya yi da yawa a lokaci guda.

Za a iya sanin wanda zai ji ciwo?

Mai karatu zai ce, to ai an huta: a auna kowa, a ware masu gajeriyar tsoka a ba su horo, a ƙyale sauran. Nan ne gizo ke saƙa. A asibitin wasanni na Aspetar da ke Doha a ƙasar Katar, Nicol van Dyk ya bi 'yan wasa 614 na tsawon kaka huɗu, ana auna ƙarfin cinyarsu kowace shekara. Gaskiya ne a jimlace waɗanda suka ji ciwo sun ɗan fi sauran rauni, amma bambancin ƙanƙane ne, har ba za a dubi awon mutum ɗaya a ce shi ne zai faɗi ba. Da yawa masu ƙarfi sun ji ciwo, da yawa marasa ƙarfi sun gama kaka lafiya. A 2016 Roald Bahr ya rubuta wata maƙala da ta tayar da ƙura, inda ya nuna cewa babu wani gwaji da aka samu mai iya faɗin wanda zai ji rauni. Misalinsa kamar tsawo ne tsakanin 'yan aji biyar da 'yan aji shida: a jimlace 'yan aji shida sun fi tsawo, amma in aka kawo maka yaro ɗaya aka ce faɗi ajinsa daga tsawonsa, sau da yawa za ka kuskure. Abubuwa biyu da suka fi nuna haɗari, yawan shekaru da kuma taɓa yin ciwon, ba sai da na'ura ake sanin su ba. A ganina wannan shi ne darasin da ya fi amfani ga makarantunmu. Tun da manyan asibitoci ma ba sa iya tantance wanda zai ji ciwo, rigakafin na kowa ne, rashin na'urar awo kuma bai zama uzuri ba.

Daga Oslo zuwa Legas

A 2006 sashen binciken lafiya na hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, tare da cibiyar Oslo da wata cibiya a Santa Monica ta Amurka, suka haɗa wani shirin ɗumama jiki na minti 20 mai suna FIFA 11+. Motsi 15 ne: minti 8 na sassarfa, minti 10 na ƙarfafa jiki da tsalle da tsayuwa da ƙafa ɗaya, Nodik na ciki, sai minti 2 na gudu da juyawa. An gwada shi a Nowe a kan 'yan mata 1,892 masu shekara 13 zuwa 17. Rahoton 2008 ya nuna raunuka gaba ɗaya sun ragu da kimanin kashi ɗaya cikin uku, munanan raunuka kuma da kusan rabi.

Shin abin da ya yi aiki a kan 'yan matan Nowe zai yi a kan samarin Afirka, masu wasa a wani irin fili da wani irin yanayi? Oluwatoyosi Owoeye da abokan aikinsa na Kwalejin Likitanci ta Jami'ar Legas ne suka amsa wannan. Sun ɗauki ƙungiyoyi 20 na gasar matasa ta Legas, samari 416 masu shekara 14 zuwa 19, suka raba su da ƙuri'a, suka bi su wata 6. A rahotonsu na 2014, ɓangaren da ya yi FIFA 11+ ya sami raguwar raunuka da kashi 41 cikin 100, raunukan ƙafa tun daga ƙugu zuwa ƙasa kuwa da kashi 48. Waɗannan samari sa'o'in ɗalibanmu na sakandare ne.

Da wannan hujja, sai a zaci manyan kulob-kulob sun rungumi Nodik hannu bibbiyu. Ina! Bahr da Ekstrand da Kristian Thorborg sun tambayi kulob 50, wato 32 na gasar Zakarun Turai da 18 na Nowe, game da kakar wasa uku daga 2012 zuwa 2014. In aka haɗa, kaka 150 ke nan. A cikin 16 kacal aka bi shirin yadda yake, a cikin 125 kuwa ba a bi shi ba. Dalilan da aka saba ji su ne ciwon jikin da motsin ke jawowa a makon farko, da cunkoson wasanni wanda ba ya barin sarari. Ga alama wannan na cikin abin da ya sa ƙirgar Ekstrand ke ta hawa.

Su ma masanan ba bakinsu ɗaya ba. A 2019 aka tattara bincike 15 da suka ƙunshi 'yan wasa 8,459, aka ce Nodik na rage raunin da kashi 51 cikin 100. Bayan shekara biyu Franco Impellizzeri da wasu suka sake duba lissafin, suka ce da yawa daga cikin binciken ba a raba mutane da ƙuri'a yadda ya kamata ba, in an tsame su kuma hujjar da ta rage ba ta kai ƙarfin da ake yayatawa ba, musamman ga wasannin da ba ƙwallon ƙafa ba. Wannan suka tana da tushe, kuma ta isa ta hana mutum ya yi alkawarin rabi ga kowane wasa. Sai dai ba ta rushe gwajin Denmak da na Holan ba, waɗanda aka yi da ƙuri'a kuma a kan 'yan ƙwallo.

Ga malamin wasanni

Malamin da ke son gwada wannan da ɗalibansa ya fara da kaɗan. Tsarin Oslo ya fara ne da zama ɗaya a makon farko, a yi sau 5 a huta a sake sau 5. A mako na biyu zama biyu, sau 6 har zagaye biyu. Daga mako na uku ake komawa zama uku, ana ƙarawa sannu a hankali, har daga mako na biyar zuwa na goma a riƙa yin 12, sannan 10, sannan 8. A yi shi bayan jiki ya ɗumama, a shimfiɗa wani abu mai taushi a ƙarƙashin gwiwa in filin tsandauri ne, kada kuma a fara shi ana jibi gasa. Tsamin jiki na kwana biyu ko uku a farkon farawa ba abin tsoro ba ne. Amma zafi mai kaifi a wuri ɗaya, ko kumburi, ko taruwar jini a ƙarƙashin fata, wannan na bukatar a tsaya a ga likita.

Yaron da ya riga ya ji ciwon shi ya fi bukatar kulawa. A ƙirgar UEFA, kashi 18 cikin 100 na raunukan wannan tsoka dawowar tsohon ciwo ne, kuma fiye da kashi biyu cikin uku na waɗannan sun faru ne cikin wata biyu da komawa fili. Ɗingishi yakan tafi tun kafin tsokar ta dawo da ƙarfinta da tsawonta, shi ya sa ake so yaro ya bi matakai, daga tafiya zuwa sassarfa zuwa cikakken gudu ba tare da jin zafi ba, kafin a sa shi a wasa.

Sai kuma batun hutu. Gwaje-gwajen Ostireliya sun nuna tsawon da damin zare ya samu yakan koma yadda yake cikin mako biyu zuwa huɗu da daina motsin, amma ɗan kaɗan a kowane mako ya isa ya riƙe shi. Dogon hutun ƙarshen shekara ya wuce mako huɗu, saboda haka in ɗalibai suka dawo, daga makon farko na tsarin za a sake farawa da su.